Mugun da Na Zana

A shafi na tara ya fara fitowa,
da baƙin biro, a ɗakin haya a Gangare,
daren da aka kwana uku babu wuta
ina zane da fitilar waya a baki.
Na raɗa masa suna Tsatsa.
Ban ba shi ƙaho ba, ban ba shi farce ba,
tari na ba shi,
da kafaɗar hagu da ta ɗan sauka
saboda kwanon kuza na shekara talatin.

Kafaɗar Kawu Ɗanlami ce.
Ban faɗa wa kowa ba.

A littafin, kafin ya ɗaga hannu a kan kowa
sai da na ba shi shafi huɗu babu magana:
yana tsaye bakin kududdufin da kamfani ya bari,
ruwa kore shar, ko kwaɗo ba ya kuka,
silifa guda, na yarinya, yana yawo a sama.
Tsakanin akwatin zane da mai bi masa
akwai wani siririn farin fili.
A nan na ajiye abin da hannuna ya kasa,
mai karatu ya ƙarasa da kansa.

Sai masu fim suka zo daga Abuja,
mota mai baƙin gilashi, takarda mai shafi goma sha ɗaya.
Na sa hannu.
Mai gidan haya ba ya karɓar zane.
Furodusa Muttaƙa ya kurɓi shayi ya ce,
"Minti casa'in gare mu, 'yar'uwa.
Mugu ya tsaya a mugunsa,
idan aka tausaya masa, wa za a yi wa tafi?"

Ranar nuni muka hau keke-napep zuwa Rayfield,
ni da Nanret, da gugguru leda ɗaya.
Aka kashe fitila.

Ga Tsatsa.
Sun miƙar masa da kafaɗa.
Sun sa masa sulke, sun kunna masa jan ido,
murya kamar janareta a cikin rijiya.
Tarin sun cire, wai yana ɓata sauti.
Silifan ma babu.
Yana dariya a kan dutse, yana neman mulkin duniya,
mutumin da duk burinsa
a cike rami guda ɗaya.

Ba zan yi ƙarya ba, faɗan ya yi kyau.
Da jarumin ya ɗaga shi sama
ya wurgo shi daga ƙwanƙolin Shere,
ɗakin ya ɗauki tafi,
har hannuna ya tashi
sai da na danne shi da ɗan'uwansa.

A bayana wani yaro ya ce,
"Baba, to shi me aka yi masa?"
Uban ya ce, "Yi shiru, mugu ne kawai."
Na so in juya.
Akwai littafin a jakata, shafi huɗun suna nan.
Aka kunna fitila, jama'a suka miƙe,
na neme su na rasa.

Washegari na kai wa Kawu maganin tari.
Yana kan benci, ya jingina da bango,
rediyo a cinya, batir ya kusa mutuwa.
Ashe Nanret ta riga ni baki.
"An ce na fito a majigi," in ji shi.
Na ce ba shi ba ne sosai.
"Da ƙarfi na?"
Na ce da ƙarfi, har da sulke.
Ya yi dariya, dariyar ta koma tari,
na jira har ya lafa.

"To wa ya ci?"
Na ce, ba kai ba, Kawu.
Ya daɗe yana murɗa kan rediyo.
"Nan kam," ya ce, "ba su yi ƙarya ba."